Da aka kashe sabis a Zamfara, a jikin wa ta ƙare?

Baban Sadik (Gusau):
Assalamu alaikum 'yan zaure. Kwanan nan ina ganin wasu suna ta kiran a sake kashe sabis ɗin waya a yankunan da ɓarayin daji suka addaba, wai shi ne zai karya lagonsu. Don Allah mai wannan ra'ayi ya fara tambayar mutanen Zamfara, domin a kanmu aka gwada maganin. A farkon Satumban 2021, kwana biyu bayan an kwashe ɗalibai sama da 70 daga makarantar sakandaren Kaya a ƙaramar hukumar Maradun, hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a jihar gaba ɗaya. Gwamna Bello Matawalle ne ya nema, ta hannun ministan sadarwa Isa Ali Pantami. Aka ce mako biyu ne. Gusau ba ta ga sabis ba sai da Oktoba ta kama, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai ƙarshen Nuwamba. Katsina ta bi sahu a ƙananan hukumomi 13, Sakkwato 14, Kaduna ma ta kashe wasu. Yau ga shi shekaru sun shuɗe, ɓarayin suna nan daram. Wanda ya ce a maimaita, ya faɗa mana ribar da aka ci a karon farko.

Soja Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. Baban Sadik, ina cikin masu cewa a kashe, kuma ba zan ɓuya ba. Ku da ba ku taɓa shiga daji ba, ba ku san ɓarnar infoma ba. Mota ba ta gama fita daga bariki ba, labari ya riga ta isa daba: motoci kaza ne, ta hanya kaza suka bi. Wa ya kai labarin? Mai shayin bakin tasha, ɗan acaɓa, wani lokaci ma matar da ke tallar fura. Kira ɗaya na naira ashirin ya isa a yi wa yaranmu kwanton ɓauna. Sannan kada ka ware sabis shi kaɗai. A lokacin an rufe kasuwannin mako, an hana sayar da fetur a jarka, an hana safarar shanu, an taƙaita zirga-zirgar babura. Duk tare suka zo. A makonnin farko ɓarayin sun ji jiki, babu mai, babu abinci. Ɗaliban Kayan da ka ambata ma, ai kafin tsakiyar watan suka dawo gida.

Hajiya Mai Atamfa:
Yallaɓai, Allah ya saka muku da alheri kan hidimar da kuka yi wa ƙasa, amma bari in ba ka labarin makonnin nan daga ɓangaren kasuwa. Ni kaya nake sarowa daga Kantin Kwari. Kafin abin, ina zaune a shago zan tura kuɗi, a ɗora mini dila a mota, direba ya kira ni in ya iso. Rana ɗaya aka wayi gari babu tiransifa, babu alat, masu POS duk sun naɗe lema. Yaran da ke cin abinci da sayar da kati da cajin waya suka koma zaman kashe wando. In kana da kira na dole sai ka shiga mota ka tafi Funtuwa. Mutum ya biya kuɗin mota, ya bi hanyar Tsafe da kowa ya san halinta, don kawai ya ce wa ɗansa da ke makaranta "muna lafiya". Ba a jima ba ita ma Funtuwar aka kashe nata, sai gaba, har Zariya. Muka koma rubuta wasiƙa muna ba direbobi a tasha kamar zamanin iyayenmu.

Kuma wannan mu na birni ke nan. Matar ƙauye da naƙuda ta kama cikin dare, da me mijinta zai kira mai mota? An rufe rijiyar gari ne don ɓarawo na shan ruwa a cikinta, alhali shi yana da tafkinsa a daji.

Ɗan Jibiya:
Hajiya ta gama magana. Yallaɓai Soja, mu da ke bakin iyaka mun ga abin da idonmu. Sabis ɗin Nijar yana shigowa garuruwanmu, wani wuri sai ka hau tudu, wani wuri kana tsakar gida ma yana kamawa. Cikin 'yan kwanaki layin Nijar ya zama kayan gabas, kowa nema yake. To in ni talaka na samu, mai miliyoyin kuɗin fansa ne zai rasa? Kuma manyansu an sha faɗin suna da wayar tauraron ɗan'adam, wadda ba ruwanta da ƙarfen sabis. Wanda aka kashe wa waya da gaske shi ne manomin da a da in ya hango babura sun doso sai ya kira ƙauyen gaba ya ce a gudu.

Soja Mai Ritaya:
Ɗan Jibiya, shugaban daba yana da waccan wayar, na yarda. Infomansa na cikin gari fa? Shi ba shi da ita. Igiyar da ke tsakaninsu aka so tsinkewa.

Ɗan Jibiya:
Shi infoma ba shi da ƙafa ne, Yallaɓai? Kafin GSM ya zo a 2001 ba a satar shanu?

Tsohon Ɗan Jarida:
Ku ba ni dama in shigo ta inda na fi sani. Kuna ta maganar ko kashe sabis ya hana ɓarayi magana da juna. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai, ya hana mu jin abin da ke faruwa. A watannin nan wakilin gidan rediyo da ke Gusau ba shi da hanyar kiran Shinkafi ko Ɗansadau ya tabbatar da labari. Abin da ya rage masa shi ne sanarwar gwamnati da ta rundunar tsaro: an kashe 'yan bindiga kaza, an ceto mutum kaza. Ban ce ƙarya ba ce. Amma babu bakin kowa a kai sai na mai bayar da ita. Shi ya sa in wani ya ce "ai a lokacin hare-hare sun ragu", nakan tambaye shi: harin ne ya ragu, ko labarinsa ne ya daina isowa?

Sannan a duba inda ɓarayin suka nufa. Da aka matsa musu a Zamfara, da yawa suka kwarara gabashin Sakkwato, wajen Sabon Birni da Isa. A watan Oktoban 2021, sabis na kashe, suka afka wa kasuwar Goronyo suka kashe mutum sama da 40.

Kuma kada a ɗauki abin shi kaɗai, hali ne na masu mulkinmu. A shekarar 2021 ɗin dai, watan Yuni, gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Buhari, ba a buɗe ba sai Janairun 2022, daga baya kotun ECOWAS ta ce matakin ya saɓa doka. A Agustan 2022 hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, NBC, ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirin da suka yi kan 'yan bindiga. A Oktoban 2022 gwamnatin Zamfara ta sa aka rufe NTA Gusau da Pride FM da wasu tashoshi saboda sun ɗauki taron siyasar PDP. Jihar da ta kashe waya don tsaro ita ce bayan shekara guda ta rufe rediyo don siyasa. Hannun da ya saba kai wa makunni, ba ya tsayawa tambayar dalili.

Auta:
Baba Ɗan Jarida, da girmanka, amma kamar kana wanke kafafen sada zumuntar nan tas. Mu da muke kwana a cikinsu mun san dattin da ke ciki. A ɗauko hoton gawarwaki na wata ƙasa a ce jiya ne a Batsari. A tura saƙon murya a WhatsApp, "ga su nan sun shigo", gari ya watse, tsofaffi su karye wajen gudu, ashe babu kowa. Su kansu ɓarayin yanzu suna TikTok, suna baje kuɗin fansa, har ana samun masu tura musu lambar asusu wai a taimaka musu. Bello Turji in ya saki bidiyo, kafin awa guda ya zagaye Arewa, ya fi sanarwar gwamna saurin isa. Wannan ai tallata su ake yi. Ni ban ce a kashe sabis ba, don a lokacin Twitter ma VPN muka sa muka ci gaba da harkarmu. Amma a daina nuna kamar waya alheri ce zalla.

Tsohon Ɗan Jarida:
Auta, yaron kirki, ban ce zalla ba. Amma riƙe wannan: Tudun Biri. Daren 3 ga Disamba, 2023, jirgin soja marar matuƙi ya saki bam kan masu Mauludi a ƙaramar hukumar Igabi ta Kaduna. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85. Washegari hotuna da muryoyin waɗanda suka tsira sun cika wayoyi, kuma rundunar sojan ƙasa ta amsa cewa nata ne. Yanzu ka ɗauka ƙauyen yana cikin yankin da aka kashe wa sabis. Kwana nawa kake jin za a yi kafin a ji? Kuma da wane suna za a kira mamatan a sanarwa?

Maganin labarin ƙarya shi ne a samu wanda jama'a suka yarda da shi ya ƙaryata. Iyayenmu sun riƙe rediyo tun BBC ta fara Hausa a 1957, da Rediyon Kaduna da gwamnatin Sardauna ta kafa a 1962. Har gobe in jita-jita ta tashi a ƙauye za ka ji dattijo ya ce "bari mu ji ko an faɗa a rediyo". Wannan yardar shekaru aka yi ana gina ta. Gwamnatin da ke rufe tasha don ta ɗauki taron abokin hamayya, ita ce ke rushe ta, sannan ta dawo tana kukan mutane sun fi yarda da saƙon murya.

Malam Liman:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Auta ya yi gaskiya, kuma Allah ya riga ya ba mu ƙa'ida a Suratul Hujurat, cewa in fasiƙi ya zo da labari a bincika. Mai danna "tura" ba tare da bincike ba yana da kamasho a duk abin da ya biyo baya.

Sai dai ina son in ja hankalin Yallaɓai Soja. Infoman nan da kake magana, ɗan wa ne? Ɗanmu ne. A gidanmu yake kwana, a sahunmu yake sallah. A da baƙo ba ya kwana a gari mai unguwa bai sani ba, mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi. Yaro in ya fara kashe kuɗin da ba a san tushensu ba, kafin sati an kira ubansa zaure. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 aka zare wa sarakuna iko, aka bar su da rawani da albashin da ke hannun gwamna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma tsagar har sama ta kai: a 2022 gwamnatin Zamfara da kanta ta tuɓe sarakunan Zurmi da Ɗansadau bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga, a shekarar ce kuma aka naɗa jagoran 'yan bindiga Ado Aleru sarautar Sarkin Fulani a 'Yandoto, har aka dakatar da sarkin da ya naɗa shi. In abin ya kai nan, ƙarfen sabis ne mai laifi?

Baban Sadik (Gusau):
Allah ya gafarta Malam, ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Mutumin ƙauye ya san infoman garinsu sarai. Abin da ya hana shi faɗa, bai san kunnen wa maganar za ta faɗa ba. Ka kai rahoto da safe, da dare a zo har gida a tambaye ka me ya kai ka.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan jahar Maraɗi mun ga abin ta ɗaya gefen, don dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina wurinmu sunka zo, musamman wajen Gidan Rumji da Madarumfa. Lokacin da anka kashe muku sabis, da layinmu dangi ke neman juna. Amma kada ku ɗauka mu mun tsira. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, ba a yi kwana goma ba anka dakatar da RFI da France 24. A Disamban 2024 anka dakatar da BBC wata uku, kan labarin wani hari da gwamnati ta ce ba haka ya faru ba. Ku sani tsoho a ƙauyenmu ba Faransanci yake saurare ba, sashen Hausa yake jira safe da yamma. Wasu sun yi murna, sun ce kafafen Turawa ne masu neman tada fitina, kuma ni ma ban ce ba su da tasu manufa ba. Amma da anka rufe su, mutane ba gidan rediyon gwamnati sunka koma ba, WhatsApp sunka koma. Can kuwa babu edita, babu mai ba da haƙuri in an yi kuskure.

Auta:
Wannan gaskiya ne Yaya. Kakata ma yanzu "an turo a waya" ita ce hujjarta.

Soja Mai Ritaya:
Na ji ku duka. Malam Liman, ban musa maka ba ko kaɗan. Amma ku sa kanku a matsayin kwamandan da aka ba wata guda ya shiga dajin da ya ratsa jihohi uku, da mutanen da ba su kai yawan da ake buƙata ba. Gyaran sarauta da dawo da yarda aikin shekaru ne, shi kuma gobe da asuba zai fita. Ina nan kan bakata cewa katse layi makami ne. Inda zan raba hanya da abin da aka yi a 2021 shi ne faɗinsa da tsawonsa. Ana kashe sabis ne a dajin da za a shiga, na kwana biyu ko uku, a shiga, a fito, a kunna. Ba a kashe jiha guda wata uku. In ka daɗe, abokin gaba ya saba, ya nemi wata hanya, kai kuma ka rasa masu ba ka labari, don mu ma da wayar nan mutanen kirki ke kiran mu.

Hajiya Mai Atamfa:
To Yallaɓai, tunda ka kawo maganar kira, ni ma ga tawa. Tun Disamban 2020 aka tilasta mana haɗa layi da lambar NIN. Mun yi layi a rana, tsofaffi da masu goyo, wasu an toshe musu layi sun yi asarar abokan ciniki. Aka ce in an gama, duk wanda ya kira neman kuɗin fansa za a san shi. Yau ɓarawo yana kiran dangi da waya, a yi ciniki kamar na akuya, yau a rage gobe a ƙara, har ya ce a haɗo da katin waya da babur. Wani lokacin da wayar wanda ya sace yake kiran, na sani. Amma ai ƙarfen da kiran ya bi yana nan a kafe, ba tashi yake ba. Fasahar da ta iya toshe layin tsohuwa a Talatar Mafara ta kasa gano inda ake kira sati uku a jere?

Soja Mai Ritaya:
Hajiya, ganowa daban, zuwa daban. Ana iya sanin yankin da kiran ya fito. Amma in dajin ne mai faɗi, ga mutum hamsin a ɗaure a tsakiyarsu, ba ka sakin wuta. Kuma sai akwai motar, da man, da mutanen, da umarnin tafiya. Sau da yawa ɗaya daga cikin huɗun nan babu.

Ɗan Jibiya:
Ka ga ashe mun dawo gida. Matsalar ba a kiran take ba, a ɗagawa take. Akwai daren da aka shiga wani ƙauye kusa da mu, tun magariba mutane suka ga taruwar babura, suka yi ta kira. Wani layin ba a ɗaga ba, wanda aka ɗaga aka ce ba mai a mota. Sai da rana ta fito aka zo ƙirga gawa. Ranar sabis cike yake.

Tsohon Ɗan Jarida:
Shi ya sa kashe sabis ke da farin jini wurin masu mulki. Sayen mai, biyan alawus, ɗaukar ma'aikata, hukunta babban mutumin da aka kama da hannu a ciki, duk suna da tsada, wasu da kuɗi wasu da siyasa. Kashe sabis kuwa wasiƙa ɗaya ce. Washegari jaridu su buga cewa gwamna ya ɗauki tsattsauran mataki, kuma waɗanda za su fito su ce bai yi aiki ba, ba su da hanyar magana.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a ci gaba, amma don Allah ban da ambaton sunan ƙauye ko na mutum a maganar infoma. Na goge saƙo biyu. Zauren nan a buɗe yake, ba mu san duk mai karantawa ba.

Baban Sadik (Gusau):
Madalla da wannan tunatarwa. Yallaɓai Soja, in dai na kwana uku ne a daji kamar yadda ka ce, ni ba zan yi jayayya ba, da sharaɗi: a faɗi ranar kunnawa tun kafin a kashe, kuma a bar wa asibitoci da masu unguwanni hanyar kiran agaji. Na 2021 ma ai da "mako biyu" aka fara.

Soja Mai Ritaya:
In ka faɗi ranar kunnawa, ka faɗa wa ɓarawo ranar da zai fito daga maɓoya ke nan. Wannan sharaɗin ba kwamandan da zai karɓa.

Hajiya Mai Atamfa:
To ku je ku daidaita tsakaninku. Ni dai in za a sake, a sanar da mu da wuri mu cire kuɗinmu daga banki, don wancan karon da bashin mutanen Kwari a kaina aka kashe, kuma har yau akwai wanda bai yarda cewa ba guduwa na yi ba.